Karatun Diddige

Shekaranjiya da hantsi ruwan shuka ya sauka a Filingue, irin ruwan nan da ke ratsa ƙasa har ka tona da hannu ba ka kai ga busasshiya ba. Ina zaune a rumfa ina shaƙar ƙamshinsa, na ce da kaina yau babu mai zuwa karatu, bari in miƙe ƙafa. La'asar na yi sai ga su sun cika mini tsakar gida kamar kullum, ƙanana da allunansu, 'yan kwaleji da 'yan lise, wato babbar sakandare, kowa da salula a hannu. Ko da na bar aikin koyarwa ban daina tara su haka ba, ba na karɓar ko ƙwayar goro. Na dube su na ce, "Kai, ɗiyan zamani! Ba ku ga ruwa ba? Mi yak kawo ku?" Suka fashe da dariya, wani ya ce babansu ya ɗauki 'yan ƙwadago, wata ta ce su gonarsu an yanka ta filaye an sayar. Mutum ɗaya ce ba ta zo ba, wata yarinya mai shirin jarrabawar birbe, ta gama kwaleji, wadda uwarta ke noma ita kaɗai a bayan gari. Ta aiko ƙawarta ta ce a ba ni haƙuri, sai sun gama shuka. Jarrabawar kuwa saura kwana kaɗan. Wannan saƙon ne ya mayar da ni ƙauyenmu, ina yarinya, har na bar shayina ya huce.

A lokacinmu ruwan farko ba ya barin kowa a zaune. Tun ana yayyafin ƙarshe za ka ji gari ya ɗauki ƙara: maƙeri na buga ƙarfe yana gyaran sungumi, mata na sussukar irin da aka ɓoye a ƙuryar rumbu, jakuna na kuka, kwaɗi sun fara nasu. Wanda ke da gemu da wanda bai gama haƙora ba, kowa gona. Dattawa na cewa laimar ƙasa baƙuwa ce, kwana uku take yi ta wuce, wanda bai tarye ta ba ya kuka da kansa. Namiji yana gaba da sungumi, wato fartanyar nan mai dogon ƙota, yana tafiya yana sara rami, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kakata, uwar babana, 'yar bori ce da ba ta saki hanyar kakanni ba; ba a jefa ƙwaya ɗaya a gonarmu sai ta zuba gumba a gindin gawo ta yi 'yan maganganunta. Babana kuma mai salla ne, sai ya juya baya kamar yana duba igiyar jaki, in ta gama ya yi bisimilla ya sara ramin farko. Ban taɓa jin sun yi gardama a kan wannan ba. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, a ranakun nan kango take zama, malaminmu da muke kira mushe ya yi ta kaɗa ƙarfe babu mai leƙowa, har shi ma ya kulle ya tafi tasa gonar.

Ni ba daƙiƙiya ba ce, amma lissafi ya raina ni. Faransanci na shiga kaina ya zauna, lissafi kuwa in na zuba shi da safe, kafin in dawo daga rijiya ya yoye. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga awakin Inna, in na buɗe kaye, littafin rubutuna, bayan duk wannan sai lambobi su yi ta rawa a gabana. Na shiga jarrabawar gama lakwal, wadda muke kira sartifika, na faɗi. Shekaruna kuma sun kai iyaka, in na sake faɗuwa ba a ƙara ɗaukata. Babana bai yi faɗa ba, ya dai kira ni ya ce, "Ɗiyata, bana ɗai ta rage miki. In kin ci, ki tahi kwaleji da albarkata. In ba ki ci ba, turmi na nan, gona na nan, ba abin kunya ba na." Gaskiya ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Sai dai ni raina na kan karatu, ina son sa kamar in yi kuka, kuma ban san yadda zan kama shi ba.

A ƙauyen akwai wani saurayi da duk yara muke kira Yaya, ko da yake ba mu haɗa jini da shi ba. Ya yi nisa a kwaleji a Yamai, sai mahaifinsa ya rasu, ya tattaro littattafansa a kwali ya dawo ya riƙe gida da gona. Dogo ne, ga kunnuwa, ga dariya mai tashin tsuntsaye. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya roƙe shi. Wata rana da rani ya ga mu shida 'yan ajin ƙarshe muna jifar magarya, ya kira mu ya tambaye mu bakwai sau takwas. Muka yi tsuru-tsuru. Ya kama kai ya ce, "Wayyo Kurfey, ƙasarmu! Gobe bayan la'asar ku iske ni gindin gawo." Daga nan muka fara. Gawo kuwa itace ne mai hankali, da rani da bazara yake cika da ganye, lokacin da ake neman inuwa. A nan muke zama a kan yashi, ƙasa ce allonmu, tsinke ne allinmu. Ba ya duka. Wanda ya kuskure shi ke ɗaukar goran ruwa zuwa rijiya, kuma ni na ɗauki goran nan har kafaɗata ta san shi. Iyayenmu sun so su ba shi wani abu, ya ƙi. In an matsa masa sai ya ce, "Rabin karatu niɗ ɗauko. In na aje shi cikin kwali, gara za ta ci."

Muna cikin haka, saura kwana goma jarrabawa, ruwan shuka ya sauka. Gawo ya riga ya fara zubar da ganye, mu ma muka watse, kowa gonar ubansa. Mu shida, gona shida, kowace sai ta ci kwanaki, ga ta Kaka ga ta kawu. Kafin a gama, ranar jarrabawa za ta riske mu. Ina bin bayan babana ina jefa iri, hawaye na bin kumatuna, ina ɓoyewa da gyale. Ban iya ce masa ya sake ni ba, domin na san hatsin nan shi ne tuwonmu na shekara. Da yamma muna sauke kaya sai ga Yaya ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida babana, suka yi barka da ruwa har sau uku kafin ya shigo da abin da ya kawo shi.

"Baba, alfarma niz zo nema. Ina son a yi gayya."

"Gayyar mi, tun ba a kai ga noma ba?"

"Ta shuka. Yaran ga shidda su haɗu, ni in riƙe sungumi. Yau gonar wane, gobe ta wane, har mu zagaye gidajen dut. Aiki za shi yi sauri, karatu kuma ba shi tsayawa."

Babana ya dube shi ya ce, "Kai yaro, ina ka taɓa ganin an yi shuka da karatu lokaci guda? Ko ku ɓata min gona, ko ku ɓata karatun."

Kaka na gefe tana gyaran ƙwarya, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Bar shi shi gwada. Ba a fafe gora ranar tahiya. Kai da kake aiki kana waƙa, waƙar ta taɓa hana ka sara?" Babana ya ce to, a fara da tasa gonar, in ya ga layi ɗaya ya karkace an daina.

Washegari da sassafe muka jeru a bayan Yaya, ƙafa ba takalmi, kowa da 'yar ƙwaryar iri. Ya ɗaga sungumi ya sara, ya kira da Faransanci, "Set fuwa wit!" wato bakwai sau takwas. Muka jefa iri, muka danna diddige, muka amsa baki ɗaya, "Sankant-sis!" wato hamsin da shida. Ya sake sarawa ya kira wani. Sara, tambaya, iri, diddige, amsa. Da farko muna tuntuɓe, baki ya riga ƙafa ko ƙafa ta riga baki, amma kafin rana ta ɗaga abin ya zama kamar kiɗa. In mun kai ƙarshen gona sai ya sa mu auna tsawonta da faɗinta da taki, mu fitar da girmanta, mu faɗi ramuka nawa za ta ci in an bar taki biyu tsakanin rami da rami. Da rana in an kawo fura, mu zauna gindin aduwa ya yi mana dikte, wato shifta, muna rubutawa da yatsa a kan jiƙaƙƙen yashi, wanda ya manta harafi sai gora. Mata daga gonakin maƙwabta suna miƙewa suna kallonmu suna guɗa. Layukan kuwa sun fito sambal. A rana ta uku na ji babana a bayan ɗaki yana ɗaura wa jaki mangala yana cewa a hankali, "Set huwa wit, sankan-shish." Na ruga na faɗa wa Kaka, muka yi dariya har ta yi tari.

Kwana takwas muka yi muna zagaye gonakin, muka ƙare da ta Yaya, wadda ya bari a ƙarshe ƙasa ta fara shan iska. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba, kuma ban sake ji ba. Lissafin da ke yoyewa ya tsaya cak. Ko ina daka, in taɓarya ta sauka sai in ji amsa ta fito da kanta. Ranar kasuwa babana ya dawo da ƙunshi ya miƙo mini: takalma ne sababbi, irin waɗanda ake yankawa daga tayar mota, masu kauri da nauyi. Ya ce ɗiyarsa ba za ta shiga gaban manya a Filingue da ƙafa tsirara ba. Ashe sauran iyayen ma shawarar da suka yanke ke nan, mu shida duka aka saya mana wurin mutum ɗaya. Muka hau amalanke muna ta kallon ƙafafunmu, Yaya na korar jaki.

Ɗakin jarrabawar daɓen siminti ne, abin da ba mu saba takawa ba, don ajinmu na ƙauye rumfar kara ce a kan yashi. Aka warwatsa mu cikin yaran wasu garuruwa. Mai tsaronmu wani mushe ne da aka turo daga Yamai, mai tabarau, fuskarsa ba alamar wasa. Aka raba takardar lissafi. Na duba tambayar farko, kaina ya yi fari fat, babu komai a ciki. Na tuna turmi, na tuna maganar babana. Can sai na ji ƙafata ta ɗaga da kanta ta sauka, ƙwas, amsar ta faɗo mini. Na rubuta. Na sake dannawa, wata ta zo. Ban san cewa daga wancan lungu ma ana yi ba, da can baya, da kusa da taga. Mu shida muna ta buga takalman taya a kan siminti, kowa ya duƙufa a kan takardarsa, ɗakin ya ɗauki ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Mushen ya buga tebur ya ce kowa ya aje alƙalami. Ya bi layi yana duba ƙafafu, ya tsamo mu ɗaya bayan ɗaya, ya tarar duk daga ƙauye guda muke, ga takalma iri guda. Ya ce ya gane dabararmu: da bugun ƙafa muke aika wa juna amsa. Ya tattara takardunmu ya ce mu fita. A nan na ga kwaleji ta tashi ta bar ni. Sauran biyar suka fara kuka. Ni ma kukan ne ya zo, amma na haɗiye shi na ɗaga hannu, Faransancina ya gudu, na yi magana da Hausar gidanmu.

"Mushe, wallahi ba sata muka yi ba. Shuka muka yi."

Ya sauke tabarau ya ce, "Shuka? A nan?"

Na ce masa a bayan sungumi muka koyi lissafi, in diddige bai taɓa ƙasa ba amsa ba ta fitowa. Sai ya ce in fito gaban aji, sauran biyar su juya su fuskanci bango su daina motsi. Ya jefo mini tambaya, na taka na amsa. Ya jefo wata mai wuya, na taka na amsa. Ya yi ta jefowa ina tafiya daga tebur zuwa ƙofa ina dawowa, hannuna ma na yin kamar yana jefa iri ban sani ba. A ta bakwai ko ta takwas sai na ga kafaɗunsa na rawa, ya juya baya ya toshe baki da hankici. Ashe ɗan manoma ne daga ƙasar Zabarma, shi ma ya bi bayan ubansa yana rufe rami. Da ya samu kansa ya ce, "Kala suru, ku yi haƙuri. Ku tuɓe takalman nan ku aje waje, ku dawo ku yi shukarku a hankali." Ya mayar mana da takardunmu, ya ƙara mana lokacin da ya ɓata. Yaya na zaune gindin bedi, wato dogon yaro, a waje, ya ce da ya hango takalma ƙafa shida a jere a bakin ƙofa kamar na masallaci, ya rasa ko dariya zai yi ko salati.

Muna noman farko, hatsi ya kai gwiwa, Yaya ya tafi Filingue jin sakamako. Na hango shi da yamma yana ratso gona da sungumi a kafaɗa, a lokacin da babu mai buƙatar sungumi. Ya zo ya gaida babana, ya juyo ya miƙo mini sungumin. Na ce, "Yaya, mi za ni yi da shi? Mace ba ta sara." Ya ce, "Wanda yac ci shi ka shiga gaba. Baɗi ke ka kira, ƙanana su amsa." Sai a nan na gane. Na yar da hauya na yi tsalle na faɗa jikin Kaka, ita kuma ta saki guɗar da aka ji har rijiya. Babana ya tsaya yana shafa gemu yana ta cewa alhamdu lillahi, idonsa ya yi ja. Mu huɗu muka ci. Cikin biyun da suka rage, ɗaya ta ci da shekara ta zagayo, a bayan sungumin da na riƙe da hutu. Ɗayan ya bar lakwal, yau dillalin shanu ne a Baleyara, yana duban garke sau ɗaya ya faɗa maka yawansu.

Daga nan na yi kwaleji, na yi makarantar malamai, na koyar har gashina ya yi fari. Duk garin da aka kai ni, in na tashi daga aji sai in shimfiɗa tabarma a gida bayan la'asar, mai so ya zo. Sharaɗina guda ne, wanda na gada: in ka ci, ka juyo ka ja na bayanka. Yau akwai waɗanda na koya wa riƙon alli suna jami'a a Yamai, in sun zo hutu su ke zama da 'yan lise, don lissafinsu ya fi ƙarfina yanzu. In ba su zo ba su turo bayani ta salula, a kunna kowa ya ji. Ba zan ce da ya fi yanzu ba. Yaran nan suna da littattafai, suna da fitila, sun san abubuwan da ban taɓa mafarki ba. Abin da ke damuna kawai shi ne karatunsu duk a zaune yake, kowa shi kaɗai da gilashin salularsa, ba sa jin numfashin juna. Gawon nan ma ya faɗi tuni, inda yake an yi shagon cajin waya.

Shi ya sa jiya da safe na ce da ɗiyan zamanin nawa yau babu tsakar gida, kowa ya biyo ni gonar uwar yarinyar nan. Suka yi ta ƙunƙuni, amma suka zo, mu kusan ashirin. Na aika aka ɗauko Yaya a amalanke, don yana nan da ransa a gidan ɗansa, ya tsufa, idanunsa sun rufe, dariyar ce kawai ba ta rage ba. Wata ɗalibar jami'a da ta zo ganin gida ta karɓi sungumi, tana sara tana kiran tambayoyin birbe, yarinyar da sauran na biye suna jefa iri suna amsawa. Da farko sai shirme, wani ya zuba iri rabin hannu a rami ɗaya, wata ta tsaya ɗaukar hoto. Kafin hantsi kiɗan ya kama su. Uwar yarinyar ta tsaya a bakin gona ta rufe baki da zane, tana godiya tana cewa fofo, fofo, Allah shi saka. Aikin kwana huɗu, kafin azahar an gama. Yarinyar ta zo ta durƙusa gaban amalanke, ƙafafunta duk laka, fuskarta na walƙiya, ta ce, "Kaka, wace shawara za ka ba ni ta ranar jarrabawa?" Ya ce, "Ɗiyata, guda ɗai ta. Ki tuɓe takalmi tun bakin ƙohwa."

Ni ban bi layi ba, gwiwoyi sun ƙi. Ina zaune kusa da shi a kan amalanken muna sauraron yaran suna wanke ƙafa suna ihu. Ya sunkuyar da kai, har na zaci gyangyaɗi yake. Sai ya juyo da fuskarsa wajena, ya ɗaga murya kamar muna tsakiyar gonar babana, ya ce, "Set fuwa wit!" Kafin in buɗe baki, diddigena ya sauka a kan katakon amalanke, ƙwas. Jakin ya zabura. Yaya ya saki dariyar nan tasa har tsuntsaye suka tashi daga kan aduwa, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Bar shi, ba sai kin hwaɗi ba," ya ce. "Na ji amsa."